A-kori-kura ɗaya, tsere da jan tirela: wane kaya za ka sa mata a ƙasa?

A Amurka akwai masu a-kori-kura da ke jan tirelar dawaki ko ta kwale-kwale a ranakun aiki, idan Asabar ta zo kuma su kai motar filin tsere, inda ake gwada wanda zai riga cinye mita 402 daga tsaye. Galibi Ford F-250 ce, ko Ram 2500 mai injin Cummins, ko Chevrolet Silverado mai Duramax. Ayyukan nan biyu ba sa shan inuwa ɗaya. Tsere yana son nauyi ya zubo kan tayoyin baya a lokacin tashi, jan kaya kuma yana son mota ta tsaya daram ba ta lilo. Shawarata ita ce ka sayi abin da ake iya ɗaurewa a sassauta, kuma duk inda buƙatun suka ci karo, jan kaya ya yi rinjaye, domin a nan ne rayukan mutane suke.

Fara da aksul na baya. A motar da ke da sifirin mai falle-falle, irin wanda muka sani a Hilux, idan ka taka mai da ƙarfi aksul yakan murɗa, sifirin ya lanƙwashe, sannan ya saki da ƙarfi. Tayar sai ta riƙa tsalle tana dukan kwalta, kuma wannan tsallen shi ke karya farfela (sandar da ke kai juyin inji zuwa aksul) da aksul ɗin kansa. Maganinsa sandar ƙarfe mai hana aksul murɗawa, kuma iri biyu ne a kasuwa. Akwai gajeriya irin CalTracs ta kamfanin Calvert Racing, wadda ke aiki da gaban sifirin. Tana da wurin ɗaurewa: ka matse ta ranar tsere, ka sassauta idan za ka hau titi, don in ka bar ta a matse motar za ta yi tauri tana ƙara a kan gargada. Akwai kuma doguwa da ke tashi daga aksul zuwa jikin cesis, wadda masu manyan motocin dizal suka fi so. A nan ka lura sosai: idan aka ɗora kaya, sifirin yakan miƙe, aksul ya ɗan matsa baya. Sandar da aka kafe ba tare da wurin motsi a gabanta ba za ta yi ta gardama da sifirin har wani abu ya tsage. Mai jan kaya ya nemi wadda ke da mahaɗi mai lilo a gaba. Wanda kuma ya ɗaga motarsa da tubalin ƙarfe a ƙarƙashin sifirin ya sani cewa ya ƙara wa murɗawar ƙarfi.

Sai batun ɗaukar nauyi. Bakanike zai ce maka a ƙara falle ɗaya ko biyu a sifirin. Yana da araha kuma yana aiki, amma ba a cire shi ranar Asabar, bayan motar zai zama kamar katako, taya ba za ta kama ƙasa ba. Akwai kuma robar kamfanin Timbren da ake sawa tsakanin cesis da aksul: ba ta taɓa aksul sai an yi lodi, ba ta buƙatar kulawa, sai dai ba a saita ta. Ni jakar iska na fi yarda da ita, irin Air Lift ko Firestone Ride-Rite. Ana hura ta har 100 psi (ma'aunin matsin iska) idan kaya ya yi nauyi, a sauke zuwa 5 psi idan motar ba kaya, kada dai a bar ta babu iska gaba ɗaya don za ta lalace. Ka sa a ja wa kowace jaka bututunta daban. Dalili biyu ne: a kwana iska ba za ta gudu daga wannan jaka zuwa waccan ba, sannan a tsere juyin farfela yakan rage nauyi a kan tayar baya ta dama, sai ka ɗan ƙara iska a jakar dama motar ta tashi sak. Jakar iska ba ta ƙara ko kilo ɗaya a kan nauyin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba. Birki da aksul suna nan yadda suke, kuma nauyin da bakin tirela ke ɗora wa ƙugiya ya tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta.

Shokozoba kuwa, kada ka kusanci irin na tsere zalla da ake kira 90/10. An yi shi ne don gaban mota ya ɗaga da sauri ya sauka a hankali, kuma da tirela a baya wannan yana nufin sitiyari ya yi sakayau a hannunka. Bilstein 5100 yana da kyau wajen jan kaya amma ba a canza taurinsa. Rancho RS9000XL yana da mataki 9 da ake murɗawa da hannu, ya isa mai tsere jefi-jefi. In da hali, kamfanonin QA1 da Viking suna da masu maɓalli biyu, ɗaya na matsewa ɗaya na miƙewa, kuma su ne ke ba ka mota biyu a jiki ɗaya. Rubuta saitin kowace rana a takarda ka ajiye a mota.

Ram 1500 tun daga 2009 da Ram 2500 tun daga 2014 sifirin mai naɗi suke da shi a baya, don haka CalTracs ba tasu ba ce, kuɗin ya tafi kan bushin masu ƙarfi da shokozoba. Mai motar da inji ke jan tayoyinta huɗu duka kuma ba ya son gaba ya ɗaga, yana son ya zauna ƙasa. Masu Silverado sun san sandunan sitiyarinta kan lanƙwashe a irin wannan tashi, shi ya sa suke sa musu riga ta ƙarfe tun kafin su je fili.

Taya ba a yin sulhu a kanta. Ta jan kaya mai lamba E tana ɗaukar iska har 80 psi, ta tsere mai laushi ce kuma da ƙaramar iska take aiki, ba za ta jure zafin lodi a doguwar tafiya ba. Sayi wili biyu na daban don ranar fili, ka mayar da na aiki kafin ka sake maƙala tirela.