Sharhi a kan kayan gyaran wincin jirgin ruwa, bayan na gwada su a tafkin Jabi

Kawuna yana da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska da yake ajiyewa a bakin tafkin Jabi da ke Abuja, kuma tun da ƙarfin kawun ya fara raguwa kula da jirgin ya dawo hannuna. A kowane gefe akwai winci, wato gangar ƙarfe da ake naɗa igiyar filafili a jikinta a juya da mariƙi. A ƙa'ida gangar tana juyawa ne gefe guda kawai, domin a cikinta akwai 'yan sakata da sifirin ke turawa cikin haƙoran giya, su ne ke yin ƙarar nan ta ƙas-ƙas, su ne kuma ke hana ta komawa baya. A hunturun da ya wuce ƙarar ta ɗauke a wincin dama, wata rana kuma iska ta cika filafili sai gangar ta kuɓuce, mariƙin ya dawo da ƙarfi ya sha gefen hannuna. Da ya same ni sosai da sai an kai ni wajen mai ɗori.

Wannan ne ya sa na yi odar kayan gyara daga Ingila. A cikin ɗan akwatin akwai sababbin sakata da sifirin, giris na musamman, ƙaramar kwalbar mai marar kauri, da buroshin shafawa. Kuɗin kawowa ya kusa kamo kuɗin kayan, kuma sai da na jira makonni uku.

Kwance wincin bai ba ni wahalar da na zata ba. Na huda kwali na zura shi ta kan wincin domin ya tare duk abin da ya faɗo, dabarar da nake ba kowa shawara a kai, saboda sifirin ɗin bai kai farcen yatsa ba, in ya yi tsalle ya faɗa ruwa sai dai haƙuri. Na cire zoben ƙarfen da ke sama da bakin sukudireba, na ɗaga gangar a hankali da hannu biyu, domin boris yakan manne a cikinta ya faɗo ba zato. Kowane ƙarfe na cire sai na ɗauki hotonsa da waya, na jera shi a kan tsumma bi da bi.

A nan ne na ga tushen matsalar. Wani bakaniken mota da aka kira bara, da kyakkyawar niyya, ya dumbuza girisin mota ko'ina har kan sakatun, ƙurar hunturu kuma ta bi ta cakuɗe da shi ya zama kamar kwaɓaɓɓen laka. Da na danna sakata ɗaya da yatsa sai ta kwanta ta ƙi tashi, sifirin ya kasa ɗaga ta. Kawu, wanda ke zaune a kujera yana kallo, ya leƙo ya ce, "Ɗana, ashe ƙoshi ne ya kwantar da ita." Na wanke komai da kananzir da tsohon buroshin haƙori, sai da na sauya kananzir sau uku kafin launin tagullar giyar ya fito.

Amfanin kayan ya fito ne wajen mayarwa. Masu ƙera winci irin su Lewmar na Ingila da Harken na Amurka sun yi ittifaƙi a kan cewa giris na haƙoran giya ne da boris, shi ma shafa kaɗan, sakata kuwa ɗigon mai kawai take so. Man da ke cikin akwatin ya yi daidai da wannan aiki, ɗigo biyu suka isa sakatar ta riƙa tashi da kanta, girisin kuma yana kama ƙarfe ba tare da ya yi danƙo ba. Sababbin sifirin sun zauna daram. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne takardar bayanin, wadda zanenta ƙanana ne ƙwarai, har na sa giya ɗaya a kife, sai da gangar ta ƙi juyawa na koma ga hotunan wayata. Sifirin ɗin ma an ƙirga su cif, babu ko ɗaya na rara.

Wincin farko ya ci mini awa biyu, na biyun bai kai awa ɗaya ba. Masu ƙerawa suna cewa a yi wannan aiki aƙalla sau ɗaya a shekara, amma da irin ƙurar da Abuja ke sha daga Disamba zuwa Fabrairu na yanke shawarar buɗe su da zarar hunturu ya wuce, sannan in sake dubawa bayan damina. Girisin da man da suka rage za su kai ni shekaru, sifirin ne kawai zan sake sayowa, kuma wannan karon da rara.