Haɗa baƙi da Hausa ko da Turanci: wanne ya fi kai yaro ga fahimta?

Makarantun kuɗi da yawa a Kaduna da Turanci suke farawa, wasu da Jolly Phonics, tsarin koyar da karatu ta hanyar sautin haruffa mai sautuka 42, rukunin farko s, a, t, i, p, n. Nan da nan yaro ke iya haɗa "pin" ko "tap". Sai dai ɗan Rigasa da ya tashi da Hausa zai furta kalmar daidai, ka tambaye shi ma'anarta ya yi shiru. Dole a fara nuna masa abin a hannu ko a hoto.

Farawa da Hausa ya fi, musamman kafin aji uku. Wasula biyar ne, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yaro ya haɗa "ka" da "za", ya ce kaza, ya riga ya san ta. Rubuta masa "Kaza ta sha ruwa", ka tambaye shi: wa ya sha ruwan? Me ya sa? In ya kasa amsawa, galibi haɗa baƙin ne ya cinye hankalinsa, sai ya maimaita jimlar sau biyu ko uku har ta zauna a bakinsa. Minti 15 kullum ya isa. A kula da ƙ, ɗ da ɓ, kada "ƙasa" ta koma "kasa".