Shagon guzuri na kusa da Kasuwar Dole: abin da ya isa Liyon da abin da ya tsaya a duwan

Shekara ta huɗu ke nan ina zaune a birnin Liyon na ƙasar Faransa, kuma duk wanda ya tambaye ni abin da ya fi wuya a zaman can yakan zaci zan ce sanyi ko sabunta takardar zama. Takarda sau ɗaya ake sabunta ta a shekara, sanyi kuma yana da watanninsa, amma tukunya kullum ake ɗora ta. Shi ya sa da na zo hutu Damagaram a watan Agusta na nemi wani shago da ke kusa da Kasuwar Dole, wanda wata Hajiya ke riƙe da shi tare da ƴaƴanta mata, sana'arsu kuwa ita ce haɗa wa matafiya guzuri, tun daga ɗalibai masu tafiya Maroko da Aljeriya har zuwa alhazai da irinmu mazauna Turai. Wata biyar ke nan ina girki da kayansu, don haka ina ganin na isa in faɗi yadda na same su.

A unguwar Giyotiyer ta Liyon akwai kantunan ƴan Afirka da ke sayar da gero, zoɓo, kuɓewa mai ƙanƙara da garin kuka. Matsalar ita ce yawancin kayan an kawo su ne don bakin mutanen Senegal, Mali da Kodebuwa. Daudawar da ake samu ta kalwa ce, wadda suke kira sumbala, ni kuwa ban taɓa cin karo da daudawar batso a can ba, alhali da ita aka raine mu, kuma miyar kukar da babu ita a ciki ba ta kama bakin ɗan Damagaram. A nan ne shagon Hajiya ya ci kuɗinsa. Daudawarta ta nuna, ta bushe sarai, an daka ta tare da ɗan barkono, ta yadda rabin cokali ke isar tukunyar mutum ɗaya. Kukar kuma shar take, an tankaɗe ta sau biyu, babu tsakuwa, babu ɗacin tsohon ganye. Yajin yana da kyau, sai dai gishirinsa ya yi mini yawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne geron. Sun surfa tiya uku, sun wanke, sun shanya, sannan suka niƙa tare da citta da kanumfari. Wanda bai zauna a ɗakin haya na hawa na biyar ba ba zai gane darajar wannan ba, domin a irin gidajen nan ko ƙaramin turmi mutum ya buga sau uku, maƙwabcin ƙasa zai hau ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Da wannan garin nake dama kunu da asuba, ran Lahadi kuma in dafa shi in mulmula fura in dama da nonon kanti, wanda ba kindirmo ba ne amma yana rufa asiri.

Ɗaurin kaya ma sun iya shi. Kowane abu an zuba shi a leda biyu an liƙe bakin da na'ura, an rubuta sunansa da Faransanci, kuma an auna komai a gabana saboda jakar jirgi kilo 23 ce. Kayan sun yi tafiyar kusan kilomita 900 a cikin kar daga Damagaram zuwa Yamai, suka hau jirgi biyu ta Kasabalanka, amma ko ƙyallen riga ɗaya bai ɗauki warin daudawa ba. Duka na biya jika 40, wato wajen yuro 61 a kan canjin da ba ya motsi na sefa kusan 656 kowane yuro, kuɗin da a Liyon ba ya kai mutum ko'ina in ya shiga kantin ƴan Afirka.

Inda shagon ya gaza shi ne sanin dokar ƙasashen da kayansa ke zuwa. Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko madara ko abin da aka yi da su, saboda gudun cututtukan dabbobi, kuma hanin ya haɗa da kilishi, dambun nama, cuku da man shanu. Da na ambata wa Hajiya haka, sai ta ce, "Haba ɗana, kilishi ai ya bushe, wa zai ce da shi nama?" Na ce, "Hajiya, su can ba ruwansu da bushewa," amma kwaɗayi ya rinjaye ni na karɓi kilo ɗaya, saboda haka laifin namu ne mu biyu. A filin jirgi ƴan duwan suka buɗe jakar, suka karanta sunan da aka rubuta a jikin ledar, suka ajiye ta gefe cikin ladabi, sauran kayan kuma suka bar mini. Mai sana'ar haɗa guzurin Turai ya kamata ya san cewa dabino yana cikin ƴaƴan itatuwa ƙalilan da ake shiga da su ba tare da takardar lafiyar tsirrai ba, ana yarda da busasshen kifi har kilo 20, da zuma har kilo 2. Da an nuna mini bandar kifi ko dabinon Gidimuni a madadin kilishin, da kuɗina bai tafi a banza ba.

Kuɓewar ma ta ba ni kunya. An yanka ta an shanya cikin damina, aka liƙe ta da sauran danshi a jiki, kafin ƙarshen Oktoba ta yi furfura, dole na zubar da rabi. Na aika wa Hajiya hoton ta WhatsApp, ba ta yi musu ba, ta ba da haƙuri, ta ce laifin gaggawa ne, kuma a watan Disamba ta ba wani ɗalibi da ke dawowa wata ledar ya kawo mini ba tare da ta karɓi ko dala ba. Wannan ta biyun ƙalau take har yau.

Na riga na gaya wa ƙanwata ta koma shagon a watan Maris, lokacin da iska ta bushe, ta sayo mini daudawa, kuka da gero, ta roƙi a rage gishirin yaji, kilishin kuma ta saya ta kai gida su ci.