KoboCollect a wurin ambaliya: sharhi bayan aiki da ita

Idan ruwa ya ci gari, irin yadda ya ci Maiduguri a Satumbar 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, kafin a raba ko buhu ɗaya sai an san gida nawa ne, mutum nawa ne a kowane sansani. A wannan aiki KoboCollect, manhajar waya ta cika fom da tattara bayanai, ta fi takarda nesa ba kusa ba.

Ana tsara tambayoyin a shafin intanet na KoboToolbox, wanda manhajar ke aiki da shi, a sauke su a wayoyi tun ana inda akwai intanet, daga nan sai a cika fom ko babu sabis. Wayar Android kawai take hawa; mai iPhone sai dai ya buɗe fom ɗin a burauza. Tambayoyi na iya fitowa da Hausa da Kanuri a fom guda, kuma ana iya hana ta karɓar shirme, kamar shekaru 300 ko lambar waya mai lambobi 9.

Matsalolinta galibi daga hannun masu aiki suke. Fom ɗin da aka ajiye ba a kammala ba ba ya tafiya, ko sabis ya dawo. Wanda aka kammala kuwa yana zaune a cikin wayar har sai an tura shi, don haka idan aka goge manhajar ko wayar ta faɗa ruwa, aikin yini ya tafi. A riƙa turawa kowace yamma. Canza sunan tambaya (gajeren sunan da ake ba ta wajen tsara fom) bayan an fara aiki shi ma ɓarna ce: amsoshi sai su rabu gida biyu a Excel, kuma wayar da ba ta sauke sabon fom ba za ta ci gaba da tsohon.

GPS, mai ɗaukar wurin da ake tsaye, na jiran daidaitonsa ya kai mita 5 kafin ya tsaya da kansa. A ƙarƙashin kwano ko cikin aji zai daɗe yana lilo yana shan batir, gara a fito fili. Hotuna ma a rage girmansu tun wajen tsara fom, in ba haka ba su ne za su maƙale a sabis mai rauni.

Abin da ba na so shi ne yadda kulle bayanai ke da wuyar saitawa, alhali sunayen mata da yara ake ɗauka. Idan mabuɗin sirrin ya ɓace, ba mai iya buɗe su. Kowane mai ƙidaya ya fita da fawa banki da ledar da za ta kare wayar.