Shagon kayan sanyi a Ƙofar Wambai, inda aka hana mu sayen jibgegiyar jaket

Duk wanda yake da matafiyi zuwa waje lokacin sanyi kuma yana son ya haɗa masa kaya ba sai ya zazzage aljihunsa kaf ba, akwai wani shago a layin 'yan gwanjo na kasuwar Ƙofar Wambai da ya kamata ya leƙa. Ba shi da allon suna, yana can wajen masu rataye suwaita da jaket tun daga ƙasa har rufi, wani dattijo ne yake da shi da yaransa. In maki za a bayar ni dai huɗu zan ba shi cikin biyar, ɗayan da na cire ma zan faɗi dalili a ƙasa don kar a ce kuɗin talla na karɓa, wallahi ko ruwan leda bai saya min ba.

Ƙanina ne ya samu gurbin karatu a wani gari da ake kira Riverside a kudancin Kaliforniya, kuma a Janairu za su fara. Umma tun da ta ji an ce Amurka ta kafe a kan sai an sayo masa rigar sanyi mafi kauri da ke cikin garin Kano, don ita a wajenta Amurka ƙanƙara ce daga farko har ƙarshe. To kuma 'yan kasuwa sun san wannan tsoron, shagunan da muka fara shiga da zarar ka furta Amurka sai ka ga an sa sanda an sauko da wata ƙatuwa mai gashi a bakin hula, a ɗora maka a hannu ka ji nauyi, a ce ai in ba wannan ba yaro ba zai kai labari ba, farashin ma nan take ya canza.

Shi wannan Alhajin da muka ce masa Amurka bai ko motsa daga kan dilar da yake zaune ba, cewa ya yi, "Malam, Amurka ai faɗi gare ta, wane gari?" Ƙanina ya faɗa masa. Ya sa yaronsa ya buɗe waya ya duba yanayin garin, ya karɓa ya ƙura ido, sannan ya kalli ƙatuwar jaket ɗin da ni har na riga na ɗauko ina jujjuyawa ya ce, "Mayar da ita Malam, wannan ta 'yan Kanada ce da masu zuwa Chicago. In ka saya masa a akwati za ta tsufa." Na ce Alhaji ai umarnin Umma ne, ya yi dariya ya ce a gaishe da Hajiya, a ce mata ɗanta ba cikin firji zai je ba.

Wai ashe kwastomominsa da yawa ɗalibai ne da 'yan kasuwa masu fita, kuma in sun dawo hutu ko suka aiko sayen wani abu sai ya tambaye su me ya yi amfani me bai yi ba, a haka ya tara sanin. Ni kuma ban yarda haka kawai ba, na koma na bincika, ga shi kuma yaron ya je ya gani da idonsa, magana ɗaya ce. Wannan yanki na kudancin Kaliforniya sanyinsa kashi-kashi ne duk da garuruwan kusa suke da juna. A gaɓar teku, su Los Angeles da San Diego, cikin Janairu da rana wajen digiri 18 zuwa 20 ake samu, da dare ya sauka kusan 9 ko 10, saboda ruwan tekun Pasifik ba ya barin gari ya yi zafi sosai kuma ba ya barin sa ya yi sanyi sosai. In ka shigo ciki wajen kwaruruka inda Riverside take, kamar kilomita 80 zuwa 90 gabas da Los Angeles, ranar kusan ɗaya ce da ta gaɓa amma daren ya fi cizo, yana sauka 5 ko 6, wani asubahin har a tarar da raɓa ta daskare a gilashin mota. Hamada kuma, irin su Palm Springs, da rana sai ya haura 20 mutane na yawo da riga mai gajeren hannu a tsakiyar lokacin sanyi, rana na faɗuwa gari ya juye. Duwatsu ne kawai suke da ainihin abin da Umma take tsoro, kamar Big Bear da ke sama da mita 2,000, can kam dusar ƙanƙara ake yi, dare ya sauka ƙasa da sifili, don duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6. Kuma duk waɗannan wurare daga Riverside babu wanda ya kai tafiyar awa biyu a mota in hanya ba cunkoso. A Palm Springs ma akwai wata mota mai tafiya a jikin waya da take ɗaukar mutum daga hamadar zuwa wata tasha can sama a kan dutsen San Jacinto, kusan mita 2,600, cikin minti goma, ka shiga kana jin rana ka fito kana taka ƙanƙara.

Yanzu ku haɗa da namu, a Kano cikin Disamba da Janairu dare yakan sauka wajen 13 ko 14 har mu dinga hura wuta a bakin titi ana layi wajen mai shayi, da rana kuma ya koma kusan 30. Wato ɗan Kano da ya saba da hunturu ba wani baƙon abu zai tarar ba, daren can ya fi namu sanyi, ranar can ba ta kai tamu zafi ba, shi ke nan.

Shi ya sa Alhaji ya ce a yi masa kaya hawa-hawa irin na albasa, wanda zai dinga cirewa yana mayarwa. Ya zaɓo masa suwaita marasa nauyi, da mai hula guda mai zif a gaba, da wata jaket matsakaiciya mai tare iska wadda take naɗewa ta koma 'yar ƙarama, da doguwar singileti ta ciki mai dogon hannu, safa masu kauri, hular sanyi da safar hannu saboda ranar da abokai za su ja shi kan dutse ganin ƙanƙara, ya ce ai dole sai sun je sun yi hoto an turo wa Hajiya. Kuma ya tuna mana maganar kilo, kowane akwati kilo 23 yawancin jirage suke bari, waccan ƙatuwar ita kaɗai za ta cinye wajen kilishi da yaji da kuka da daddawa, ko da yake kilishin ma daga baya muka cire don Amurka ba sa barin a shiga musu da nama.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake duba kaya kafin ya miƙo maka. Kowace suwaita sai ya juya cikinta waje, ya ɗaga ta saitin hasken ƙofa ya duba ko asu ya ci, ya ja bakin hannu ya saki ya ga ko robar ta mutu, ya leƙa hammata don nan ɗinki yake fara farkewa. Akwai wata ruwan toka mai kyau da ƙanina ya maƙale mata, Alhaji ya ja zif ɗin sama da ƙasa, ya tsaya a tsakiya, ya ce haƙori ɗaya ya karye, in dai kana so ɗauki a rabin kuɗi ka kai wa tela ya sa sabo amma ni ba zan ɓoye maka ba. Yaro ya kalle ni ya ce, "Yaya a ɗauka?" aka ɗauka, tela a unguwa ya canza.

Da ƙanina ya isa ya turo hoton wayarsa tana nuna 68, Umma ta ce innalillahi wannan wane irin zafi ne, sai da aka zaunar da ita aka yi mata bayanin cewa su Amurka da ma'aunin Faranhait suke amfani, 68 ɗinsu shi ne 20 namu, 32 ɗinsu kuma shi ne sifili. Har yanzu dai ba ta gama yarda ba, kullum a waya sai ta tambaye shi ko ya sa hula.

To yanzu inda na cire maki. Na farko rigar ruwa, babu ta kirki a shagon, wadda ya fito da ita ledar ciki duk ta fara ɓarewa, kuma bai matsa mana a kan mu nema a wani wajen ba, alhali a Kaliforniya lokacin sanyi shi ne daminarsu, daga Nuwamba zuwa Maris ake yawancin ruwan shekara, saɓanin mu da hunturu ko ɗigo babu. Sai da yaron ya sayi lema da rigar ruwa a can da dala, kun san yadda canji yake. Mai sayar wa matafiya kaya ya kamata a ce yana da wannan a ajiye. Na biyu shagon ƙunci gare shi, mutum uku in sun shiga na huɗu sai ya tsaya a waje, ba wajen gwaji ba madubi, a bakin layi za ka zura riga masu baro suna ta a ba su hanya. Ga warin gwanjo da ƙura, mai asma ya sa takunkumi kafin ya shiga, kuma duk abin da ka saya sai ka wanke ka shanya a rana sosai kafin ya shiga akwati. Lambar girman da ke wuyan riga ma kar ka yarda da ita don kayan daga ƙasashe daban-daban suke, gwadawa kawai. Ba shi da POS, tiransifa yake karɓa, in netwok ya ƙi sai dai ka fita neman mai cire kuɗi.

Wani abu da ya faɗa wanda na ɗauka wasa ne shi ne a sa masa man basilin a jaka. Ashe suna da wata busasshiyar iska da suke kira Santa Ana, tana tasowa daga cikin hamada ta gangaro ta tsakanin duwatsu zuwa teku a kaka da lokacin sanyi, leɓe ya tsage fata ta yi fari, bambancinta da hunturunmu ita sau da yawa da ɗumi take zuwa, kuma ita ce ta rura gobarar da ta cinye unguwanni a Los Angeles a Janairun 2025.

Maganar farashi ba zan sa lamba ba don kayan gwanjo yau daban gobe daban, ya danganta da dila da kuma dala, amma duk abin da muka kwasa bai kai kuɗin da aka yanka mana na waccan jaket guda ɗaya a shagon farko ba. Yana yin ragi amma ba irin na a raba biyu ba, in ya ce albarka to ka ɗan ƙara kaɗan ne kawai ya rage. Ku je da safe kafin azahar, ku tambayi ranar da za a fasa sabuwar dila don masu kyaun a ranar 'yan sari suke tsince su, kuma kar ku bari sai sanyi ya kankama a Disamba lokacin kowa ya ruɗe yana neman suwaita kaya sun yi tsada. Mai zuwa Kanada ko arewacin Amurka shi kam yana da manyan a rataye, amma takalmin ƙanƙara babu, ya ce wannan gara mutum ya saya in ya sauka.