Koyarwar sa kai: Sahel Academy ko Rift Valley Academy?

'Yan'uwa a ikilisiya sun sha tambayata wacce za su zaɓa. Dukansu makarantun 'ya'yan mishan ne, kuma malami kan nemi masu tallafa masa da kansa.

Sahel Academy ta ƙungiyar mishan ta SIM tana Yamai. Mota za ta kai ka, a kasuwa Hausarka za ta fisshe ka. Sai dai akwai zafi, ga kogin Kwara da ya taɓa mamaye harabarta a 2012 da 2020. Wannan ya daɗe yana damuna.

Rift Valley ta ƙungiyar mishan ta AIM (Africa Inland Mission) tana Kijabe a Kenya tun 1906. Makarantar kwana ce a kan tudu mai sanyi, amma kuɗin jirgi ba wasa ba.

Mai ƙaramin ƙarfi da iyali a gida, Yamai ta fi masa. Wanda ya samu masu tallafi, yake son zama da yara dare da rana, ya nufi Kijabe.