Selenium ko Playwright: wanne ya fi rage ciwon kan katsewar haɗi?

Selenium da Playwright kayan aiki ne na sarrafa burauza ta hanyar shirin kwamfuta. Kusan duk mai sarrafa burauza marar fuska, wato wadda ke aiki ba tare da ta bayyana a allo ba, sai ya yi mini wannan tambayar, galibi bayan shirinsa ya tsaya cak da tsakar dare.

Batun kuɗi babu gardama, dukansu kyauta ne. Bambancin yana wajen yadda suke magana da burauza. Selenium, wanda ya faro tun 2004, yana bi ta hannun ɗan aike, wato chromedriver. Da Chrome ya sabunta kansa, ɗan aiken ya tsaya a tsohon zubi, sai haɗi ya ƙi ƙulluwa tun daga farko. Selenium Manager, mai samo ɗan aiken da ya dace da burauzar, da ya zo a zubin Selenium na 4.6 ya rage wannan sosai. Playwright, da Microsoft ta fitar a 2020, yana sauko da nasa burauzar da ta dace da shi, kuma yana jiran abin da ke shafi ya bayyana kafin ya danna, har daƙiƙa 30. A ganina babban ribarsa ita ce Trace Viewer, mai nuna duk abin da shirin ya yi, inda za ka ga ainihin buƙatar da burauza ta aika ta gaza.

Amma fa kada a ɗora wa kayan aiki laifin da ba nasu ba. A cikin Docker, manhajar da ke gudanar da shiri a keɓaɓɓen wuri da ake kira kwantena, ma'adanar wucin gadi ta /dev/shm megabait 64 ce kawai idan ba a canza ba, Chrome kan tsaya saboda haka, kuma adireshin localhost na nufin kwantenar kanta, ba kwamfutarka ba.

Mai tsofaffin gwaje-gwaje masu yawa, ko mai rubuta shiri da yaren Ruby, Selenium ya fi masa. Mai fara sabon aiki da ke son gano matsala da sauri, ya ɗauki Playwright.